Abin da Adamu Ya Faɗa Kafin Ya Busa

Tun da na dawo daga Kwatano ban yi aikin kirki a shago ba. Da na sunkuya kan injin ban-ruwa zan kwance, sai wani ya yi sallama, ya jawo benci, ya ce, "Malam Sale, wai da gaske saboda faifai ɗaya ka tsallake ƙasa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya ɗauka ya kai gaba sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a kasuwar kifi na ji ana cewa wai Turawa sun ba ni mota. To ga yadda aka yi daga bakina, ko na samu in koma aikina.

Mu uku na sani a Haɗeja masu sauraron jaz, wato kiɗan nan na baƙaƙen Amurka da ake sakar wa kowane makaɗi mara ya bi son ransa, sannan su sake haɗuwa a gaba kamar ba su rabu ba. Ni, da Alhaji Bukar mai fataucin tattasai, da Malam Inuwa, tsohon malamin gona, wanda shi ya sa mana wannan ciwo. Duk Juma'a bayan la'asar a zaurensa muke zama, ya fito da garmaho da akwatin fayafayansa. 'Yan unguwa sun daɗe da fid da rai da mu. Suna ce mana masu jin kiɗan da ba waƙa.

A cikin akwatin akwai wani faifai da ya saya tun yana saurayi a tashar jirgin Malam Madori, cikin tarkacen wani mai gwanjo. Ba shi da riga, rubutun tsakiyarsa ya goge, sunan Kwatano kaɗai ake iya karantawa. Bakinsa kuma ya ɓantare kamar an gatsa, don haka dole a sauke allura a gaban ɓantaren, kiɗa ya riga ya yi nisa. Mutum huɗu ne a ciki: mai ganga, mai fiyano, mai babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa, da mai busa saksafon, ƙahon Turawa mai lanƙwasa.

A kan mai busan ne aka shekara talatin ana gardama. Malam Inuwa ya ce abin da yake busawa waƙar masunta ce ta jan taru, ya sha jin ta a fadamar Baturiya lokacin da yake zagayen aikin gona, saboda haka mutumin namu ne. Alhaji Bukar ya ce, "Malam, kai ko kukan kwaɗo ka ji a faifai sai ka ce ɗan Haɗeja ne." Ni kuwa ina tsakiya, wata Juma'ar in bi wannan, wata in bi wancan.

Bara wani kamfani a Turai ya sake buga faifan. A wani zauren masu tara fayafayai da nake ciki a waya na gani, na sauke, na kai musu. Tas yake, babu ƙaiƙayi babu ƙas-ƙas, kuma a karon farko muka ji yadda ganga ta buɗe kiɗan. An rubuta sunan mai busan Adam, ba a san asalinsa ba. Malam Inuwa ya saurara har ƙarshe, ya ce sun wanke shi har sun wanke masa gishiri. Ana nan sai wani a zauren nan na waya ya ce ai bugun farko akwai magana a farkonsa kafin ganga, kamfanin ya yanke don ya ɗauka hayaniya ce. Ya ce wata tsohuwa a Kwatano, Madam Selestin, tana da shi lafiyayye, amma ba ta tura wa kowa ta waya. Mai son ji ya je ya zauna.

A daminar nan Malam Inuwa ya samu shanyewar ɓarin jiki. Harshensa ya yi nauyi, kunnensa na hagu ya tafi, na daman ma yana bin sa a hankali. Wata Juma'a bayan Alhaji Bukar ya fita alwala, ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Sale, je ka jiyo mini. Kafin wannan ma ya rufe."

Washegari na soma neman takardar tafiya.

Alhaji Bukar ya ce hauka ne, amma shi ya ba ni gaban tirelarsa mai kai busasshen tattasai Legas. Na ce zan tafi da ɓantararren faifan don a gwada. Matata Hajara ce ta yi dabarar ɗaurin: ta sa shi tsakanin fayafayan rufe ƙwarya guda biyu, ta naɗe da tsohon zane, ta ɗaure tamau. Ta kuma cika mini ƙaramin buhu da bandar tarwaɗa da mudun riɗi, ta ce ba a zuwa gidan tsohuwa hannu na dukan cinya.

Mun tashi da hantsi ranar Talata. Direban, Ɗan'azumi, mutumin Kaugama ne, mai fara'a, ya shekara ashirin a hanyar Kudu. Kafin mu kai Kafin Hausa na yi atishawa ta fi ƙirga, don tattasan nan ko ta ina shigowa yake. Shi ko gezau. Bayan mun wuce Zariya ya ce in sa masa abin da ya fito da ni daga gida. Na haɗa wayata da rediyon motar. Ya ci gaba da tuƙi, yana gyaɗa kai cikin ladabi. Aka yi kamar minti shida.

"Baba Sale," ya ce, "wai har yanzu ba su gama gyara kayan kiɗan ba ne? Yaushe za su fara?"

Na ce ai an kusa gamawa ma. Ya dube ni da tausayi. Amma washegari a gangaren Jebba, muna jiran layi ya motsa, na ji shi yana yin fito da baki. Busan Adam ne, bai sani ba.

Kwana biyu muka yi a hanya. Na ci sakwara a Mokwa da miyar da ta sa ni hawaye, ni da nake taƙama daga garin barkono na fito. A Legas Ɗan'azumi bai bar ni ba sai da ya sa ni a motar da ke zuwa iyaka, ya ja wa direban kunne da Yarabanci.

A iyaka aka ce kowa ya buɗe kayansa. Jami'in da ya zo kaina Basakkwace ne, na gane daga gaisuwarsa. Ya shinshina buhun kifi ya yi murmushi, sannan ya nuna ƙunshin zane.

"Mi ag ga ciki?"

"Faifai ne, ranka ya daɗe."

Ya kwance, ya ga faifan kaba. Ya ɗaga gira. "Ƙarƙashi fa?"

"Faifai."

"Ƙarƙashin wannan kuma?"

"Shi ma faifai."

Ya ɗauka wasa nake masa, har fuskarsa ta fara canzawa. Da ya ɗaga na saman ya ga baƙin faifan garmaho kwance a tsakiya, sai dariya ta kama shi har ya dafa tebur. Ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ya ce mahaifinsa yana da irinsa, suna yara suka mai da su tayar mota. Da hannunsa ya mayar da ɗaurin, a hankali, ya ce in sauka lafiya.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano 'yan acaɓa ne. Dukkansu da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, in danja ta tsayar da su sai ka ce gonar da ta yi fure. Mata da ɗinkin ado su ma suna tuƙa nasu babur da jaka a kafaɗa, ba mai waiwayowa. Fetur kuma a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, na ɗauka man gyaɗa ne.

A Zongo, unguwar Hausawa, na sauka, gidan Malam Tanimu mahauci, wanda wani abokin cinikin Alhaji Bukar ya haɗa ni da shi. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi Bakatsine ne, ko da yake bai taɓa ganin Katsina ba. Hausarsa tana da daɗi, sai dai rabinta Faransanci ne. Ya ba ni ɗaki a saman bene kusa da masallaci. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori. Da rana aka kawo wani tuwon masara mai tsami a ganye, da soyayyen kifin teku. Na ci don kara. Kifinsu ƙato ne, amma ba shi da zaƙin namu na fadama. Da na ba matar gidan tarwaɗa biyu daga buhuna, har maƙwabta sai da suka leƙo jin ƙamshin miya.

Ranar Asabar Malam Tanimu ya kai ni bakin teku. Ni ɗan bakin kogi ne, na ga ambaliyar da ta shafe gonaki har ido ya gaji, na ɗauka na san ruwa. Na tsaya ina kallo. Ruwan da ba shi da tsallake, yana tasowa yana faɗuwa ba wanda ya taɓa shi. Can gefe masunta sun fi arba'in suna jan igiya ɗaya, suna waƙa da harshensu, kowa na ja daidai inda waƙar ta sauka. Na ce a raina, ashe ko'ina taru ba ya fitowa sai da waƙa.

Lahadi da azahar ake zama a gidan Madam Selestin. Malam Tanimu ya raka ni don ya yi mini tafinta. Gida ne tsoho mai bene na katako. Muna hawa na ji kiɗa na tashi. Na tura ƙofa, na yi abin da aka koya mini tun ina yaro: na ɗaga murya na yi sallama, na ɗora da ina wuninku.

Mutum tara ne a ɗakin. Duk suka juyo suka zuba mini ido kamar na taka sallaya da takalmi. Wata tsohuwa 'yar firit mai farin gashi ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna mana benci. Na zauna kunya ta rufe ni. Malam Tanimu ya raɗa mini cewa a nan ba a magana sai allura ta tashi, ko gobara ce. A zauren Malam Inuwa kuwa kiɗa na yi muna gardama, mai goro na shigowa, ana tambayar farashin taki.

Shirun ne ya ba ni damar duba ɗakin. Bango huɗu, daga ƙasa har rufi, fayafayai ne a tsaye kamar littattafai, kowanne da rigarsa. Ni da na ɗauka akwatin Malam Inuwa dukiya ce. Sautin kuma ban taɓa jin irinsa ba. Ina jin yatsan mai goge yana zamewa kan tsirkiya, ina jin mai busa yana jan numfashi. Na rufe ido, wallahi kamar in miƙa hannu in taɓa su. Wani ƙaton mutum a gefena hawaye na bin kumatunsa, bai share ba, ba kuma wanda ya kalle shi.

Allura na tashi ɗakin ya ɓarke. Nan na gane ashe ciwon ɗaya ne ko'ina. Ƙaton nan likita ne, ana ce masa Dakta. Shi yana bayan sababbin bugu: ya ce makaɗan nan ba su yi kiɗa don a ji shi ta cikin suyar ƙosai ba, in an samu mai share ƙurar a gode masa, kuma da ba don kamfanonin nan ba, da yaran yanzu ba su san an yi mutanen ba. Wani tsohon tela ya ce ƙarya ne, sabon bugu kamar matar da ta shafa hoda ce har ba ka gane ta, kuma sun tura gogen baya sun jawo fiyano gaba don kunnen Turawa. Wata malamar makaranta ta ce ita ba ruwanta da wannan, tambayarta ɗaya: iyalan makaɗan sun san an sake bugawa? Aka yi ca. Malam Tanimu ya gaji da fassara ya ce, "Malam Sale, faɗa dai suke yi."

Sai Madam ta tafa hannu sau ɗaya, ta juyo gare ni, ta yi mini maraba, ta tambayi abin da ya kawo ni. Na miƙa kifi da riɗi, sannan na kwance zanen Hajara. Da suka ga faifan, duk suka taso. Dakta ya ce a Kwatano kaf guda uku suka rage, ban da wannan. Madam ta karɓa da tafin hannu biyu, ba ta taɓa tsakiyarsa ba, ta shafa ɓantaren da babban yatsa. Ta tambaya daga ina. Na ce daga Haɗeja, na ba su labarin Malam Inuwa da gardamar shekara talatin.

Dakta ya girgiza kai cikin ladabi. Malam Tanimu ya fassara: "Wai ya ce abokinka ya yi kuskure. Adam ba ɗan masunta ba ne. Sun taɓa kiran wani daga Zongo ya saurari maganar da ke farkon faifan, ya ce musu mutumin cewa ya yi a gidan wata Baturiya ya tashi. Ita ce ma ta koya masa busa, in ji su."

Na ce, "Tanimu, gidan wa?"

"Gidan Baturiya."

Na ce a roƙi Madam ta sa mini.

Ta ɗauko nata daga can sama, ta goge shi da wani ɗan burushi mai laushi, ta sauke allura a bakin farko, wurin da namu ba shi da shi. Ƙas-ƙas. Wani ya yi tari. Wani ya ce wani abu da Faransanci aka yi dariya. Sai wata murya ta matso kusa, muryar saurayi, da Hausa irin ta bakin koginmu, irin wadda nake ji kullum in masunta sun kawo mini inji:

"Bismillahi. Ni ne Adamu na gidan Mai Taru a Baturiya. Wanda ya ji, ya gaya wa Inna ina nan da raina. Ga waƙar jan taru, ban manta ba."

Ganga ta shiga.

Na karya dokar ɗakin karo na biyu, don ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba. Wannan karon ba wanda ya harare ni. Madam ta bar kiɗan ya kai ƙarshe. Na shekara talatin ina jin busan nan, ranar na fara jin sa. Inda nake ɗauka gwaninta ce yake ja da tsawo, ashe kira yake yi.

Da allura ta tashi na gaya musu cewa Baturiya gari ne, ba mace ba. Gari ne a cikin fadama, gabas da mu, inda tsuntsaye ke sauka daga ƙasashen da ba mu sani ba, kuma daga shagona in ka hau babur kafin azahar ka isa. Na fassara musu maganar kalma kalma. Dakta ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Telan ya ce masa, a hankali ba da gatse ba, "Ka ga abin da suka share."

Madam ta ce mijinta ne mai fiyanon. Tana amarya aka yi faifan. Ta ce Adamu soja ne a da, a ƙungiyar masu badujala ya koyi busa, bayan yaƙin basasa ya gangaro nan. Mutum ne marar magana, in an tambaye shi garinsu sai ya nuna arewa da haɓa. Ranar da fayafayan suka fito, ya ɗauki guda ya naɗe a rawani, ya ba wani bafataken kifi mai komawa Najeriya. Ya yi ta jiran amsa. Bayan shekara biyu ciwon ƙirji ya kashe shi, mutanen Zongo suka yi masa sutura. Ta dubi ɓantararren faifan da ke cinyarta, ta dube ni. Ko shi ne wanda ya aika, ko ba shi ba ne, Allah ne masani. Amma daga Malam Madori zuwa Baturiya ba nisa.

Ban roƙe ta ba, don na san dokarta. Ita da kanta ta ce in fito da wayata in ɗauka. Malam Tanimu ya fassara: "Ta ce kiɗa ne ba ta bayarwa. Wannan wasiƙa ce, kuma ta daɗe a hannunta."

Washegari Malam Tanimu ya kai ni maƙabartar Zongo. Ba wanda ya san kabarin takamaimai. Muka tsaya a tsohon ɓangaren muka yi addu'a ga duk wanda ke wurin.

Dawowa ba ta da labari, ban da tayar da ta fashe mana a kusa da Kontagora. Ranar Juma'a na shiga Haɗeja, ko gida ban biya ba na wuce zauren Malam Inuwa. Na manna wayar a kunnensa na dama. Ya ce in sake. Na sake. Bakinsa ya yi ta rawa, maganar ta ƙi fita, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna Alhaji Bukar. Alhaji ya karɓa ya saurara.

"To ai ni ban taɓa cewa ba ɗan Baturiya ba ne," ya ce. "Cewa na yi ba ɗan Haɗeja ba ne."

Malam Inuwa ya yi dariyar da rabon da ya yi tun kafin ciwon. Da ya lafa, ya haɗa kalmomin da ƙyar: "Saƙon ba namu ba ne. Ku kai."

Ni da Alhaji Bukar muka tafi Baturiya ranar Lahadi a motarsa. Ruwa bai gama janyewa ba, sai da muka bar motar muka shiga kwalekwale, mai tuƙi yana ratsa ciyawar kacala da gora. A garin muka tambayi gidan Mai Taru. Matasa ba su sani ba. Wani dattijo mai gyaran komar kamun kifi ya ce gidan ya watse tuni, amma akwai 'yarsu ɗaya da ta rage, Iya Dije, tana zaune gidan jikanta a bayan makaranta.

Mun same ta a inuwar zana tana tsince shinkafa da lalube, don idonta ya yi rauni. Muka gaisa har ƙasa. Na ce, "Iya, kina da wa mai suna Adamu?"

Hannunta ya tsaya a cikin tiren. Ta ce tana da shi, ya rasu a yaƙi tun tana budurwa. Ta ce shi da Baba ba sa shiri, don in an sa shi tuƙi sai ya saki jirgi yana busa sarewa. Ranar da ya bar taru ya tsinke a kan kututture, Baba ya yi masa dukan da ya sa ya bi jirgin ƙasa daga Birniwa. Daga baya wani ya zo ya ce ya ga gawarsa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in.

"Inna ba ta ci ko loma ba," ta ce. "Cewa ta yi ba a yi wa mai rai sadaka. Har ta koma ga Allah ana cewa ta taɓu."

Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na sa wayar a tafin hannunta na danna.

Da muryar ta fito ba ta yi kuka ba. Ta kai wayar kunne, ta karkata kai kamar mai jin sallama daga nesa. Maganar ta ƙare, ta ce, "Sake." Sau huɗu na sake. Sannan ta ajiye a cinya ta tambaye ni inda yake. Na gaya mata gaskiya. Ta tambaya ko Musulmi ne suka wanke shi, ko an yi masa salla. Na ce an yi, na je wurin da ƙafata. Ta ce alhamdu lillahi. Ta juya fuska wajen gabas, inda maƙabartar garin take, ta ce, ba da ƙarfi ba, "Inna, kin ji."

Wayar ta ci gaba, ganga ta shiga, Adamu ya fara busa. Na kai hannu zan kashe, ta hana. Ta saurara har ya yi nisa. Wannan busan da aka sake bugawa a Turai, wanda na ga likita ya cire tabarau saboda shi, sai Iya Dije ta girgiza kai.

"Ya yi sauri. Tun yana yaro haka yake. In aka ja taru a haka ai kifin duk ya tsere."

Ta ture tiren shinkafa gefe, ta fara buga gwiwarta da tafin hannu, a hankali, sannan ta ɗauki waƙar. Muryarta ta tsufa, tana karyewa a sama, amma kowace gaɓa tana sauka inda mai jan igiya zai ja. Matan gidan suka fito suka tsaya. Dattijon nan mai gyaran koma, da ya biyo mu, ya soma amsa mata daga bakin zana. Alhaji Bukar ya zaro wayarsa don ya ɗaukar wa Malam Inuwa.

Da ta kai ƙarshe ta goge bakinta da gefen mayafi, ta lalubo hannuna ta mayar mini da wayar.

"Haka take," ta ce. "Ka aika wa matar nan da ta ajiye shi. Ka ce ƙanwarsa ta gode, kuma haka ake yin ta."